HANYOYIN SAMUN TAIMAKON KUƊIN KARATUN JAMI'A

Jawabin da sashen ilimi na hukumarmu ta agaji ya gabatar a taron iyaye da ɗalibai a Getso. Mun buga shi a nan saboda 'yan'uwan da ba su sami zuwa ba, kuma muna roƙo a karanta shi a majami'u bayan sujada.

  Mun san waɗansu sun baro aikin gona, waɗansu sun taso tun da asuba daga ƙauyukan Gwarzo da na Kabo. Allah ya sāka muku, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Abin da ya sa muka kira wannan taro shi ne abin da muke gani duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito. Yaro ya yi ƙoƙari, ya ci jarrabawa, an ba shi gurbi, gida ya cika da murna har a je majami'a a ba da shaida. Bayan mako biyu sai uban ya zo ofishinmu da takarda a hannu, ya zauna shiru. A bara wani uba ya zo mana bayan ya riga ya jinginar da gonar da ya gada don ya biya kuɗin rajistar ɗansa. Da muka duba takardun yaron sai muka tarar ya cancanci taimako iri biyu, amma ba wanda ya taɓa gaya masa. Har yanzu gonar tana hannun mai kuɗi. Ba ma so mu sake ganin irin wannan.

Tun farko mu faɗi gaskiya: hukumarmu ba ta da kuɗin da za ta biya wa kowa makaranta. Abin da muka kawo yau bayani ne, da alkawarin za mu zauna da kowane ɗalibi mu duba takardunsa.

Kuɗin nan na mene ne?

Za ku ji ana cewa karatu kyauta ne a jami'o'in gwamnatin tarayya. A takarda haka ne, tun zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo a shekarun 1970 aka cire kuɗin koyarwa. Amma akwai abin da ake kira kuɗin rajista, wanda ya haɗa kuɗin jarrabawa, ɗakin karatu, asibiti, wasanni da sauransu, kuma shi ne yake tashi. A 2023 Jami'ar Bayero ta Kano, wadda motar Gwarzo take wucewa ta ƙofar sabon mazauninta, ta ƙara nata, ya koma daga wajen naira 95,000 har sama da 200,000 gwargwadon fannin da yaro yake karantawa. A shekarar ne kuma aka cire tallafin man fetur, ranar 29 ga Mayu, kuɗin mota da na abinci suka bi.

Iyaye da yawa kuɗin rajista kaɗai suke lissafawa. A ƙara da wurin kwana, abinci na wata tara ko goma, kuɗin mota, buga takardun darasi, katin waya, da aikin bincike na shekarar ƙarshe. A abin da muka gani, yawancin yaran da suka bar karatu a tsakiya an biya musu rajista, yunwa ce ta koro su. Dattawan da ke nan za su tuna rikicin da aka yi wa laƙabi da Ali Must Go a 1978, lokacin da Kanar Ahmadu Ali yake riƙe da ma'aikatar ilimi. Ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibai na yini shi ya tayar da shi, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Maganar cikin ɗalibi tsohuwar magana ce.

Taimakon da ake samu iri uku ne. Akwai kyauta, wadda ba a biya. Akwai bashi, wanda dole a biya. Akwai kuma wanda muke haɗawa da hannunmu a gida da ikilisiya. Duk takardar da aka miƙo wa yaronka, tambayar farko ita ce: wannan kyauta ce ko bashi?

Bashin karatu na gwamnatin tarayya

Za mu daɗe a kan wannan, domin shi ne ƙofar da ta fi faɗi, shi ne kuma aka fi yi wa mummunar fahimta. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar bashin karatu a watan Yunin 2023. Waccan doka ta zo da sharuɗɗa masu tsauri: sai kuɗin shigar gida bai kai naira 500,000 a shekara ba, sai kuma an kawo mutum biyu masu tsaya wa ɗalibi, irin manyan ma'aikata ko lauyoyi. Ina manomin ƙauye zai samo su? Aka yi ta kuka, sai aka soke ta aka yi sabuwa, ya sa hannu ranar 3 ga Afrilun 2024. Sabuwar ta cire waɗannan sharuɗɗa biyu. Hukumar da ke ba da bashin ita ce NELFUND, ta kuma buɗe shafinta na intanet a watan Mayun 2024.

Ga yadda abin yake tafiya. Ɗalibin da yake makarantar gwamnati, ta tarayya ko ta jiha, jami'a ce ko kwalejin fasaha ko kwalejin ilimi, shi zai shiga shafin da kansa ya nema. Zai bukaci lambar JAMB, lambar NIN ta katin ɗan ƙasa, lambar BVN ta banki, takardar samun gurbi, da asusun banki mai sunansa. Dole kuma makarantarsa ta riga ta aika wa hukumar sunayen ɗalibanta. Idan an amince, kuɗin rajista makaranta ake tura wa kai tsaye, ba ya biyowa ta hannun yaro. Akwai kuma alawus na ciyarwa, wanda aka fara da naira 20,000 a wata, shi ne yake shiga asusun ɗalibi. Yaro yana iya neman kuɗin rajista kaɗai ya bar alawus. Kuma ba sau ɗaya ake nema a huta ba, kowace shekarar karatu sai an sake.

Babu ruwa a kan bashin. Abin da ka karɓa shi za ka mayar. Mun faɗi wannan da ƙarfi saboda maƙwabtanmu Musulmi da suka tambaye mu game da riba, da kuma namu da suke tsoron bashin banki. Biya yana farawa shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Mai albashi za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashinsa, mai sana'ar kansa zai riƙa ba da kashi 10 na ribarsa. Wanda bai sami aiki ba doka ta ba shi dama ya yi rantsuwa a rubuce a jinkirta masa, amma ƙarya a wannan rantsuwa laifi ne mai kai mutum kurkuku. Idan Ubangiji ya kira mai bashin, doka ta yi tanadin yafewa.

Yanzu mu yi lissafi tare, a matsayin misali kawai. A ce rajista naira 100,000 ce, yaro kuma ya karɓi alawus na wata goma, naira 200,000. A shekara ya ci bashin 300,000, a shekara huɗu 1,200,000. A ce ya sami aiki a kan mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a 2024, naira 70,000. Za a riƙa cire masa 7,000 a wata, zai yi fiye da shekara 14 yana biya. Idan rajista kaɗai ya ci, 400,000, bai kai shekara biyar ba ya gama. Albashi yakan ƙaru, darajar naira kuma takan ragu, don haka nauyin zai yi sauƙi da tafiyar lokaci. Duk da haka muna so kowane yaro ya ga wannan lissafi kafin ya danna waya.

Shawararmu ita ce: gidan da zai iya aika wa yaro masara da wake da ɗan mai daga rumbu, to ya nemi na rajista kaɗai. Gidan da ba shi da wannan hali, maraya ko ɗan gwauruwa, ya karɓi duka biyun ba tare da jin kunya ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Bashin da ba ruwa ya fi jinginar da gona nesa ba kusa ba, ya fi kuma karɓar kuɗi da damina a kan za a biya da buhu biyu a kaka.

Akwai abin da muke jin matasa suna faɗa, wai kuɗin gwamnati ne, rabonmu ne, ba wanda zai biya. Wannan magana ba ta dace da bakin mai bi ba. An taɓa yin irin wannan shiri. Gwamnatin Janar Gowon ta kafa hukumar bashin ɗalibai a 1972, a 1993 aka mai da ita bankin ilimi, duka suka mutu, kuma babban dalili shi ne waɗanda suka ci ba su mayar ba. Shekaru da yawa bayan nan 'ya'yan talakawa ba su da inda za su je. In wannan ma ya mutu, ƙannenku da ke firamare yau su za su sha wahalar. Yanzu kuma bashin a ɗaure yake da BVN da NIN, ba inda mutum zai ɓuya.

Abubuwa biyu na kula. Na farko, kuɗin ba kullum yake isowa kafin a rufe rajista ba, musamman ga ɗan shekarar farko. Sau da yawa gida ne zai fara biya, in kuɗin ya iso makaranta ta mayar wa ɗalibi. A 2025 an yi ta ƙorafi a ƙasar nan cewa waɗansu makarantu sun karɓa ba su sanar da ɗalibai ba, har hukumar ICPC ta shiga bincike. Don haka a ajiye kowane rasit, yaro ya riƙa duba shafinsa, in ya ga an biya ya je ofishin kuɗi na makaranta da ladabi ya nemi nasa. Na biyu, shirin bai shafi jami'o'i masu zaman kansu ba. Mun san waɗansu iyaye suna sha'awar jami'o'in ikilisiya, irin Bingham ta ECWA da ke Karu ko Veritas ta Katolika da ke Abuja. Makarantu ne masu kyau, amma wanda ya je can kada ya sa rai da wannan bashi.

Na jiharmu

Jihar Kano tana da hukumar ba da tallafin karatu, kuma nata kyauta ne. A watan Agustan 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta amince da naira miliyan 700 don biya wa ɗalibai 7,000 'yan asalin jihar kuɗin rajista a Jami'ar Bayero, ta kuma rage rabin kuɗin rajista a manyan makarantu mallakar jiha. Saboda haka kafin yaro ya cike JAMB ya dubi makarantun gida: Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, Jami'ar Northwest a cikin Kano, kwalejin ilimi ta Sa'adatu Rimi a Kumbotso, kwalejin noma ta Audu Bako a Dambatta. Nan kusa akwai kwalejin ilimi ta tarayya a Bichi, da makarantar tarayya da aka kafa a Kabo. Makarantar da yaro zai iya zuwa gida ƙarshen wata ya ɗebi hatsi ta riga ta rage masa rabin wahala. Mun ga yara sun zaɓi jami'a mai nisan kwana guda a mota don kawai abokinsu yana can, kuɗin mota ya cinye na abinci.

Akwai kuma shirin jiha na tura masu digiri na farko ƙasashen waje su yi na biyu. Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura 501 a 2012, a 2023 kuma aka sanar da gurbi 1,001, aka tura ɗalibai Indiya da Uganda. Wannan na waɗanda suka fita da sakamako mafi daraja ne. Muna faɗa ne don 'yan aji ɗaya su san makin da suka tara yau zai yi musu magana bayan shekara huɗu.

'Yan siyasa ma sukan taimaka. A 2023 Sanata Barau Jibrin, ɗan Kabo mai wakiltar Kano ta Arewa, ya raba naira 50,000 ga kowane ɗaya daga ɗaruruwan ɗaliban mazaɓar da ke Jami'ar Bayero. Ba siyasa muka zo yi ba, kuma hukumarmu ba ta da jam'iyya. In irin wannan ya zo, daga kowane ɓangare, a nema, haƙƙin ɗan mazaɓa ne. Sai dai kada a gina karatun shekara huɗu a kansa, domin yakan zo bana ya ƙi zuwa baɗi.

Duk taimakon jiha da na mazaɓa mabuɗinsa ɗaya ne: takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda muke kira indijin. A nan muna so mu yi magana da 'yan'uwanmu Kirista kai tsaye. Mun sha jin iyaye suna cewa, ai ba za a ba mu ba, saboda sunan yaron Bulus ne ko Rifkatu. Da wannan tunani sai su ƙi nema tun daga gida. 'Yan'uwa, kakanninmu a wannan ƙasa aka binne cibiyarsu, Hausawa ne tun kafin a zana iyakar Gwarzo da Kabo. Mai unguwa ya san gidanku, dagaci ya san gonarku. A bi ta hannunsu zuwa ga hakimi da sakatariya, yadda kowa yake bi, uba ya raka ɗansa da kansa. In an sami cikas a zo a gaya mana, dattawanmu za su bi maganar cikin girmamawa. A nemi takardar tun yaro yana aji biyar na sakandare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kyautar tarayya da ta kamfanoni

Ma'aikatar ilimi ta tarayya tana da hukumar sikolashif da take ba ɗaliban makarantun gwamnati masu ƙwazo kyauta. A 2025 an sanar da ƙara ta zuwa naira 450,000 a shekara ga masu digiri na farko, babbar difloma da NCE. Ana nema ta intanet, ana yin jarrabawa a kwamfuta, kuma ana son maki mai yawa, wajen 4.0 cikin 5.0. Shirin nan na tura ɗalibai Rasha, Sin, Maroko, Hungari da sauransu bisa yarjejeniyar ƙasa da ƙasa, minista Tunji Alausa ya sanar da dakatar da shi a 2025, bayan ɗaliban da ke can sun daɗe suna kukan rashin alawus. Duk wanda ya ce zai sayar muku da fom ɗinsa, ku riƙe aljihunku.

Asusun PTDF, wanda aka kafa a 1973, yana ɗaukar nauyin masu karatun da ya shafi man fetur da iskar gas. Kamfanonin mai irin su NLNG, Shell, Chevron da TotalEnergies sukan ba da nasu, yawanci ga 'yan shekarar farko ko ta biyu, kuma akwai kason da kowane ɗan Najeriya zai iya nema. Gidauniyar MTN tana ba ɗaliban kimiyya da fasaha masu maki 3.5 zuwa sama, tana kuma da kaso na musamman ga ɗalibai makafi. Tun da mun ambaci makafi: JAMB tana da shiri na musamman dominsu, da cibiyar jarrabawa a Kano. Iyayen da Allah ya ba ɗa mai nakasa kada su ɓoye shi a ɗaki. Su Commonwealth da Chevening na Ingila na masu digiri na biyu ne, za mu bar su sai wani taron. TETFund kuma da kuke gani a jikin gine-ginen makarantu, gini take yi da horar da malamai, ba ta biya wa ɗan digiri na farko rajista.

Yawancin yaranmu ba sa neman waɗannan, suna ganin na 'ya'yan manya ne. Gasar tana da zafi, gaskiya ne, kuma wanda ya nemi biyar yana iya rasa huɗu. Amma nema ba a biyan ko kwabo, abin da ake kashewa kuɗin data ne da na mota zuwa wurin jarrabawa. Wannan ɗan kuɗin motar yana cikin abin da hukumarmu take iya taimakawa da shi.

Suna ɗaya a kowace takarda

Abin da ya fi hana yaranmu samun taimako ƙaramin abu ne mai ban takaici. Mu nan yaro yakan tashi da suna uku: na yanka, na baftisma, da wanda kakarsa ta laƙaba masa. A firamare a rubuta ɗaya, a katin ɗan ƙasa wani, a banki a juya na uba ya zo gaba. Ranar haihuwa ma haka, wani a ce Janairu, wani a ce Yuni, don mai cikewa ya ƙiyasta kawai. Kwamfuta ba ta san yaron gidan wane ba ne. Da ta ga NIN da BVN da JAMB ba su yi daidai ba sai ta ƙi. Wata yarinya daga ɗaya daga cikin ikilisiyoyinmu ta rasa shekara guda ta taimako saboda harafi ɗaya a sunan mahaifinta, kuma gyaran ya ci kuɗi da zirga-zirga zuwa Kano.

Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN. Saboda haka a fara da katin ɗan ƙasa, a tabbatar abin da ke jikinsa daidai ne, sannan kowace takarda ta bi shi harafi da harafi. Layin wayar da aka yi rajista da shi na yaron ne ko na gida, kada ya zama na mai shagon intanet. Lambar sirri ta shafin JAMB da ta NELFUND a rubuta a littafi a ajiye wurin uwa. Iyaye mata ba sa ɓatar da takarda, mun gwada mun gani.

Macuta

Duk inda kuɗi yake, macuta suna nan. Saƙo zai shigo ta WhatsApp ko Facebook da hoton shugaban ƙasa ko na wani attajiri, a ce an buɗe tallafi, a turo dubu biyar na fom. Wani zai zo da kansa, da tufafi masu kyau, har ya buɗe magana da addu'a, ya ce yana da mutum a Abuja. NELFUND ba ta karɓar kuɗin fom, ba ta da dillali. Sikolashif na gaskiya ba ya cewa ka biya kafin a ba ka. Kada a ba kowa lambar katin cirar kuɗi, ko lambar nan da banki yake turowa a waya, ko da ya ce daga banki yake kira. In an yi shakka a kawo mana saƙon mu duba tare, ko a nuna wa shugaban makarantar sakandare. Wanda aka riga aka cuta kuma kada kunya ta sa ya yi shiru, faɗarsa za ta tsare maƙwabcinsa.

Abin da ke hannunmu

Duk waɗannan da muka lissafa, babu wanda yake biyan kuɗin karɓar gurbi, ko katifa da bokiti da risho na ranar tafiya. Wannan namu ne, kuma a nan ne yara da yawa suke tsayawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Iyayenmu mata sun riga mu sanin hanya. A waɗansu ikilisiyoyi Zumuntar Mata tana yin adashi na musamman, a tsara kwasa ta faɗo wa mai ɗa a makaranta daidai lokacin rajista. Waɗansu gidaje sukan saya wa yaro tunkiya ko akuya tun yana aji huɗu na sakandare, a ce wannan ta makaranta ce, ba a taɓa ta don biki ko Kirsimeti. Kafin ya gama ta haihu sau da yawa, ranar kasuwar Getso a kai biyu a dawo da kuɗin rajista. Ragon da aka turke wata huɗu kafin babbar salla ma yana biyan shekara guda. Masu hatsi, in hali ya yi, kada a kwashe duka a kai kasuwa da kaka lokacin da kowa yake sayarwa. A ware buhun makaranta, a duba farashi, a kuma tambayi yaron watan da za a buɗe rajista.

Ga dattawan ikilisiya muna da roƙo. Lokacin godiyar kaka, a ware wani kaso na hatsin da aka kawo domin ɗalibai, ko a yi gayya a noma gona guda da sunansu. A naɗa mutum uku su riƙe, mace a cikinsu, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta a gaban jama'a. A fara da marayu. Kada ya zama 'ya'yan shugabanni ne kullum a gaba, domin wannan shi yake kashe irin wannan asusu tun bai yi shekara biyu ba. Waɗanda ikilisiya ta taimaka suka gama suka sami aiki a Kano ko Kaduna ko Abuja, a rubuta musu wasiƙa. Da yawa suna so su taimaka, ba a tambaye su ba ne.

Maganar 'ya'ya mata. In kuɗi ya gaza, mun san wadda ake fara cewa ta haƙura. Babu ɗaya cikin hanyoyin da muka ambata da ta ce namiji kaɗai. Asibitocinmu suna neman ungozoma da nas mace, makarantunmu suna neman malamai mata, kuma matanmu sun fi sakin jiki da 'yar'uwarsu a ɗakin haihuwa. In akwai tsoron inda yarinya za ta zauna a birni, a yi magana da Fasto ya haɗa ta da ikilisiyar da ke kusa da makarantar, a nema mata ɗakin kwanan ɗalibai da wuri.

Ku kuma ɗalibai, alawus ɗin nan na abinci ne da takardu. Mun ji labarin masu sayen sabuwar waya da shi, da masu zuba shi a cacar ƙwallo. Ku tuna sunanku ne a kan bashin. Wanda ya iya ɗinki, aski, gyaran waya ko kitso ya tafi da sana'arsa makaranta, lokacin hutu kuma a dawo a kama fartanya.

Bayan an tashi, ma'aikatanmu za su zauna a tebur biyu a bayan ɗakin nan. Duk ɗalibin da ya zo da takardunsa ya kawo mu gwada sunayen da ke jiki. Wanda bai zo da su ba ya rubuta sunansa da ƙauyensu da ajin da yake, za mu sanar ta hannun Fastoci ranar da za mu zo yankinku da kwamfuta. Iyayen da gonarsu take jingine saboda makaranta su tsaya su gan mu a keɓe. Yanzu za mu karɓi tambayoyi, mu fara da iyaye mata.